Ai Naka Ne, Dakta

An gaya mini wai ku da kuka gaji kujerunmu a ofisoshin bincike kuna cewa aikin ba wani abu ba ne, cike fom ne da danna kwamfuta. Wai mu mutanen da, hatimi kawai muke bugawa mu tafi cin tuwo. To, madalla. Tunda bakinku ya iya faɗa, sai kunnenku ya daure ya ji. Ni ne Ilu, wanda ake ce wa Ilu Hatimi. Aji shida na firamare na yi. Na bakwai ɗin leƙa shi na yi, na ga babu wani abin kirki a ciki, na dawo. Da wannan aji shidan na shekara goma sha tara ina tsare daktoci da furofesoshi kamar yadda ake tsare awaki kada su faɗa gonar mutane. Ban ce dukkansu awaki ba ne. Akwai tumaki.

Wurin aikin namu wata cibiyar bincike ce da wata jami'a ta ajiye a nan Kaduna, a kan hanyar Kawo. Ba zan faɗi sunanta ba, don wasu daga cikin mutanen suna nan da ransu, har an fara sa wa tituna sunansu. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne mai fanka ɗaya, amma aiki uku ke cikinsa. Na farko, tallafin bincike: idan Turawa ko gwamnati suka ba malami kuɗi ya binciko wani abu, mu ke tabbatar da cewa abin da ya yi alkawari shi ya yi, mu aika da rahoto duk wata uku. Na biyu, ƙa'ida: ba a yi wa mutum tambayoyi, ko a ɗauki hotonsa, ko a ɗebi ƙasar gonarsa, sai an bayyana masa dalili da harshen da yake ji ya ce ya yarda. Na uku, wanda ya fi cin rai, haƙƙin mallaka: abin da aka gano ɗin nan, na waye? Sunan wa za a kai rajista? A kan wannan na ukun na ga manyan mutane masu furfura sun daina gaisawa a masallaci.

Da masinja na shiga, farkon shekarun tamanin, da kekena. Ubangidana Malam Garba ne, muna ce masa Baba Akawu, Bazazzagi, wanda ya fara aiki tun zamanin En'e. Wata uku cur abin da ya ba ni kawai shi ne huda takarda da zura igiyar fayil. Idan hudar ta ci harafi ɗaya, sai ya ɗaga takardar sama ya leƙo ni ta ramin, ya ce, "Ilu, wannan harafin da ka cinye, ya yi daɗi?" Daga nan tafireta. Kowace takarda kwafi uku ce da kabon a tsakani: ta sama ta masu tallafi, ta biyu ta fayil, ta uku ta malamin, ita ce mai dishi-dishi, don shi dama ba karantawa zai yi ba. Ka yi kuskure a layin ƙarshe, ka zare duka ukun ka koma farko. Babu wani maɓallin gogewa. Abin gogewarmu shi ne kunya. Sitensil kuwa, takardar nan da ake bugawa a fitar da kwafi da yawa, idan ka ɓata, akwai wani jan ruwa da ake ɗigawa mai warin jan farcen mata. Ranar da na fara amfani da shi sai da uwargidana ta shinshina rigata ta tambaye ni inda na biya.

Hatimin kuwa, sai da na shekara biyu kafin ya bari na taɓa shi. Ɗan katako ne da roba a gindi, ba ya kai girman akwatin ashana biyu. Abin da ke rubuce a jikinsa, da Turanci da Hausa, shi ne: na shaida wannan fassara daidai take da abin da aka faɗa. Domin yawancin mutanen da malamanmu ke bincike a kansu da Hausa suke magana, masu tallafi kuma Turanci suke ji, to dole a sami wanda zai tsaya a tsakani ya rantse. Ranar da ya fara miƙo mini shi, ana gab da tashi ne, ya turo wata takarda ya ce in buga maza-maza mota na jira. Na buga, na sa hannu, ina ta fankama. Sai ya gyara tabarau ya karanta mini: ni Ilu na sayar wa Garba kekena a kan goro biyu. Ya ciro goro biyu daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Mako guda ina takowa daga Unguwar Shanu da ƙafa, shi kuma kullum sai ya wuce ni a hanya yana buga ƙararrawa. Wannan shi ne digirin da nake da shi.

Akwai wani malami da ya rubuta wa masu tallafi cewa zai tattauna da manoma ɗari biyu a Katabu da damina. Ya kawo mini fom ɗari biyu cif. Na shimfiɗa su a tebur na yi ta kallo. Manoma ɗari biyu, duk da biro ɗaya, babu fom ɗin da ruwa ya taɓa ko laka, kuma dukkansu suna jan wutsiyar harafin g kamar yadda Malam ke ja. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen Katabu sun sami tarbiyya. Makaranta ɗaya kuka yi?" Ya kwashe kayansa, ya koma Katabun da gaske, ya dawo da fom saba'in masu ƙamshin hayaƙi. Waɗannan na karɓa. Wani kuma aka saya masa firjin ajiye irin shuka. Da na je dubawa sai aka ce an kai shi gida "don tsaro". Na bi shi Unguwar Rimi, na buɗe, na tarar da kunun aya da rabin kaza. Na rubuta a rahoto: firji na aiki lafiya, iri bai sami wuri ba. Irin abokan cinikinmu ke nan. Su suna ganin mu ne ƙarfen ƙafa. Ba su san mu ne muke hana a kore su ba.

To, sai muguwar shekara ta zo, ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da naira ta faɗi ta ƙi tashi. Albashi ba ya kai tsakiyar wata. Malamai masu ƙafa suka bi jirgi zuwa ƙasashen waje. Takarda ta yi tsada har muna buga wasiƙa a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, ƙyallen tawadar tafireta kuma in ya bushe in jiƙa shi da ɗigon kananzir ya ƙara mako biyu. Baba Akawu ya yi ritaya, hatimi ya dawo aljihuna. Abin da ya rage yana riƙe da cibiyar shi ne tallafi guda ɗaya daga wasu Turawa, kan kayan aikin gona masu sauƙi, kuma wanda ke riƙe da shi Dakta Kabiru ne. Matashi, kaifin ƙwaƙwalwa kamar aska, digiri uku, ɗan gidan mutunci, Bahaushe gaba da baya. Ku riƙe wannan na ƙarshen, don shi ne ya fi ba ni haushi.

Laifin farko nawa ne, ba zan ɓoye ba: ni na kai shi wurin Malam Sale. Malam Sale maƙwabcina ne a Unguwar Shanu, maƙeri ɗan maƙeri, wanda ya ƙara da walda da zamani ya zo. Ya ƙera wani injin ɓarar gyaɗa da ake juyawa da hannu. Injunan da aka sani a lokacin haƙoran ƙarfe gare su, su ɓare kwanso su haɗa da ƙwayar su farfasa. Gyaɗar da ta fashe kuwa ba ta ajiyuwa, ba ta kuma yin iri. Shi sai ya yanko tsohuwar tayar mota, ya naɗa wa gangar injin, ya sa rariyar ƙarfe a ƙasa wadda ake canzawa gwargwadon girman gyaɗar, da wani ɗan katako da ake turawa a matse ko a sassauta. Kaka uku ya yi yana ɓata tayoyi kafin ya dace. Gyaɗa ta riƙa fitowa ɗaiɗai, jajir, ko ƙwarzane babu. Mata masu ƙuli-ƙuli daga Katabu su haɗa kuɗi su zo su saya, a ɗaure musu a saman bas. Da wannan injin yake ci da gidansa.

Ranar da muka je, ni na riƙe rakodar ofis, ni na karanta wa Malam Sale takardar yarda da Hausa: za a yi masa tambayoyi, a naɗi muryarsa, a ɗauki hoton injin, a auna shi. Iyakarta ke nan. Ya ce ya yarda. Dakta ya tsuguna da rigarsa fara, ya auna nan ya auna can, ya juya hannun injin, gyaɗa ta zubo. Ya miƙe yana girgiza kai.

"Malam Sale, wallahi wannan inji ya burge ni. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Malam Sale ya yi murmushi ya goge hannu a gaban riga. "Ai naka ne, Dakta. Naka ne."

Yanzu ku gaya mini, wane Bahaushe ne bai san wannan maganar ba? Ka yaba hular mutum, ya ce taka ce. Ka yaba dokinsa, ya ce naka ne. Kai kuma da aka haifa a gida, ba a kan bola ba, sai ka ce, na gode, na bar maka, Allah ya ƙara buɗi. Shi ke nan, kowa ya tafi da hularsa a kansa da mutuncinsa. Ko ɗan yaye ya san ba kyauta aka yi masa ba. Amma Dakta bai ce na bar maka ba. Cewa ya yi, "Madalla," ya ɗan kalli rakodar. Ni kuwa, sakarai, ina can ina tauna gyaɗar mutane.

Bayan wata biyar sai wasiƙa ta zo daga masu tallafi. Sun ji daɗin injin ƙwarai, za su ba da kashi na biyu, mai yawa, a gina wurin ƙera shi. Amma sai an nuna musu shaida cewa ƙirar mallakin mai binciken ce da cibiya, an kuma fara neman rajistarta a Ikko. Washegari Dakta ya shigo ofishina da takarda shafi tara, hirar nan ce an rubuta an juya ta Turanci. A shafi na bakwai an ja layi a ƙarƙashin wata jimla da jan biro, an yi bayani a gefe cewa mai ƙirar ya miƙa wa mai bincike mallakar injin da bakinsa, har sau biyu. Na ce ya bar ta zan duba.

Ban gama dubawa ba, da la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai ga Malam Sale da ambulan a hannu, ya riƙe ta da yatsu biyu kamar garwashi.

"Ilu, kai ne ɗan boko. Wannan wai daga lauya. Me na yi?"

Na karanta. Wai ana sanar da shi cewa ƙirar injin tana hannun rajista da sunan wani, saboda haka ya dakatar da ƙerawa da sayarwa, in ba haka ba kotu.

"Wane injin?" in ji shi.

"Naka."

"Nawa? In daina ƙera nawa?" Ya zauna a kan dakali. "Ilu, guda huɗu ke gabana na matan Katabu, ga kaka ta matso. Kai ka kawo mini shi fa. Na shimfiɗa masa buzuna."

Mutumin da ke kama ƙarfen da ya yi jajir a wuta ba ya ƙiftawa, ranar nan ya koma ya kashe wutar maƙerarsa saboda takarda shafi ɗaya. Ku da kuke cewa cike fom ne, ga abin da fom ke yi.

Da safe Dakta ya zo karɓar takardarsa. Ban tashi ba.

"Malam Ilu, ba ka buga ba."

"Ban buga ba, ranka ya daɗe."

"Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa."

"Kalma da kalma, akwai kuskure a fassarar?"

"Babu."

"To hatimi."

"Dakta, a gidanku idan baƙo ya tarar kuna cin abinci kuka ce masa bismillah, tukunyar yake ɗauka ya tafi da ita?"

Ya cire tabarau. "Malam Ilu, wai aji nawa ka yi?"

"Shida, ranka ya daɗe. Shi ya sa ban kai ajin da ake manta Hausa ba."

Kafin azahar takardar tuhuma ta iso tebur ɗina, wai ina kawo cikas ga ci gaban kimiyya. Ni Ilu! Kimiyya guda na tare da ɗan katako! Wannan bai dame ni ba, ni na saba buga wa wasu irinta, har na ga kuskure biyu a ciki. Abin da ya yi nauyi shi ne mutanen cibiya. Direba ya zo, mai shara ta zo, mai gadi ya zo da sandarsa. Kowa magana ɗaya: idan tallafin nan ya tsaya za a rufe wurin, mu ci me? "Malam Ilu, buga kawai, Allah ya san zuciyarka." Na ce Allah ya san zuciyata, amma Turawan nan hatimina kawai suka sani. Ba su yi ƙarya ba, yunwa gaskiya ce. Sai dai ban ga dalilin da za a dafa mana tuwo da itacen Malam Sale ba. Daga ƙarshe na aika wa Dakta cewa zan zo da hatimin zaman kwamitin ƙa'ida, duk abin da shugaba ya umarta zan yi. Ya ɗauka na sauko.

Shugaban kwamitin Furofesa Musa ne, dattijo, mai gyangyaɗi a taro amma ko tari ka yi ya ji. Masu tallafi kuma sun turo wakiliyarsu, wata Baturiya da muke kira Ladi don ran Lahadi ta sauka. Tana jin Hausa, amma irin ta littafi, wadda idan ka ce mata sannu da aiki sai ta tsaya ta bayyana maka aikin. Ita da zuciya ɗaya ta gaskata an yi kyautar inji.

Ranar zaman, ni ke naɗar bayanin taro, don haka rakoda na rataye a kafaɗata. Muna tsaye a farfajiya da Furofesa da Ladi sai ga Dakta ya shigo da sabuwar Fijo fara, ko ledar kujeru ba a cire ba. Halalinsa ce, wani aiki ya yi wa wani kamfani, na duba. Ya fito yana kaɗa makulli. Na matsa da sauri har da rusunawa.

"Dakta, barka da isowa. Ina so in gwada rakodar nan kafin a shiga, ka yarda in gwada da muryarka?"

"Gwada mana, Malam Ilu, gwada." Yana fara'a, ga baƙuwa na kallo.

Na danna. Na zagaya motar, na shafa ta da gefen hannun riga. "Kai! Kai! Dakta, Allah ya sa alheri, Allah ya tsare hanya. Wallahi wannan mota ta burge ni. Ban taɓa ganin irinta ba."

"Ai taka ce, Malam Ilu," in ji shi, ko tunani bai yi ba. "Taka ce."

Na ce, "Madalla." Na kashe rakoda.

Aka shiga. Dakta ya yi bayani mai daɗi da Turanci, ya nuna zane-zanen da ya yi, kuma gaskiya zanen ya yi kyau, har ya ƙara wa injin boris, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan masu sa abu ya juya sumul, a gindin hannu yadda mace ɗaya za ta juya shi ba gajiya. Wannan nasa ne, ban taɓa musu ba. Sai ya sa kaset ɗin Malam Sale, muryar bawan Allah ta cika ɗaki: ai naka ne, Dakta, naka ne. Ladi ta gyaɗa kai tana rubutu. Furofesa, ido a rufe, ya ce, "Malam Ilu, fassara ta yi daidai?"

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, kafin in amsa, akwai wata 'yar shaida da ta shigo yau da safe, an naɗe ta da izinin mai ita."

Na sa nawa kaset ɗin. Aka ji Dakta ya ce a gwada. Aka ji ni ina kai-kai. Aka ji taka ce, Malam Ilu, taka ce. Na kashe, na zagaya tebur, na tsaya a gabansa, na miƙa hannu.

"Makulli, ranka ya daɗe. Da takardun motar in suna kusa."

Ladi ta dubi wannan ta dubi wancan. "To... motar ta Malam Ilu ce yanzu?"

Furofesa ya buɗe ido ɗaya. "A fassarar Dakta, tasa ce halak malak. Har sau biyu aka faɗa." Ya juya. "Kabiru, ko ka ba shi makulli ya buga maka hatimi, ko ka riƙe motarka ka janye takardarka. Ni duk wanda ka zaɓa zan sa hannu."

"Haba, ranka ya daɗe! Ai wannan magana ce ta al'ada kawai, kowa ya san ba kyauta ake nufi ba!"

"Malam Ilu," in ji Furofesa, "rubuta wannan a bayanin taro. Ka ce da bakinsa."

Kada ku ɗauka an ɗauke ni a kafaɗa an zagaya gari. Kwamiti ya yanke cewa a janye wasiƙar lauya a ranar, a gyara takardar rajista: Malam Sale ne mai ƙira, Dakta mai zane da ƙarin boris, cibiya kuma ba za ta ƙera ko guda ba sai da rubutaccen izinin mai abu. Ladi ta ce dole ta koma ta bayyana wa manyanta, kuɗin zai yi jinkirin wata uku, kuma da ya zo an rage shi. Wata ukun nan babu wanda ya amsa sallamata a cibiya. Mai shara ta riƙa share ko'ina ta tsallake ƙofata. Aka kuma rubuto cewa da zarar an gama wannan fayil ɗin za a mayar da ni sito, wurin ƙirga tsintsiya da kwan fitila, inda na shekara biyu kafin a nemo ni da kansu. Wanda ya so ya cuci maƙeri ya ci gaba da hawa Fijo; wanda ya hana, aka ba shi tsintsiya. Haka ake saka wa mai wannan sana'a, ku shirya. Amma a makon nan Malam Sale ya hura wutarsa, matan Katabu suka sami injunansu kafin a gama cirar gyaɗa.

Aikina na ƙarshe a kan fayil ɗin shi ne sa hannu a takardar izini. Malam Sale ya ce shi ba zai taka cibiya ba, mai nema shi ke zuwa. Don haka wata Asabar da hantsi muka je maƙera: ni, da Dakta, da Furofesa a matsayin shaida. Wannan karon ba a shimfiɗa buzu ba, benci aka nuna mana. To, ƙa'idar ofis ta ce duk wanda ba zai iya karanta abin da ke cikin takarda da kansa ba, a karanta masa sau biyu a gaban shaida, a tambaye shi ko ya fahimta, sannan ya dangwala babban yatsa, ba sa hannu ba. Na karanta wa Malam Sale sau biyu, na buɗe 'yar tawadar dangwale na tura gabansa.

Ya dube ta, ya dube ni. "Ilu, wa ya gaya maka ban iya rubutu ba?"

Ya ture ta da bayan hannu, ya shiga gida, ya fito da alƙalamin kara da kurtun tawada. Ya ɗora takardar a kan uwar maƙera, ya sami filin da ya rage a ƙasa, ya yi layi huɗu da ajami, a tsanake, rubutu kamar an ɗinka. Sannan ya sa sunansa. Ya ce, "Wannan sharaɗina ne. In bai shiga ba, babu izini."

Furofesa ya karɓa ya karanta a zuci, ya gyaɗa kai, ya miƙa wa Dakta. Dakta ya riƙe, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya ɗan karkata ta.

"Me... me ya rubuta?"

"Ba ka iya ba?" in ji Furofesa.

"An daɗe, ranka ya daɗe. Tun ina ƙarami aka cire ni daga allo."

Sai na gyara tsayuwa, na yi gyaran murya irin ta aiki. Na karɓi takardar na karanta da ƙarfi yadda masu wucewa za su ji: "Na ba cibiya izini ta ƙera injina. Duk maƙerin da ya zo wurina ya koya, shi ma ya ƙera, kada lauya ya rubuta masa takarda. Kowane inji ya fito, a buga sunan mahaifina Tanko Maƙeri a jikinsa, don shi ya koya mini riƙon guduma." Na numfasa, na sake karantawa daga farko, a hankali, ina bin layi da yatsa.

"Dakta Kabiru, ka fahimci abin da aka karanta maka?"

"Na fahimta," in ji shi, yana laluben biro a aljihu.

Na tura 'yar tawadar gabansa. "Babban yatsa, ranka ya daɗe. Na dama."

Ya dubi Furofesa. Furofesa ya riga ya rufe ido. "Ƙa'ida ce, Kabiru. Kai ma kana cikin waɗanda suka rubuta ta."

Ya dangwala. Tawada ce mai kyau, ni na zaɓo ta da kaina a kasuwa. Kwana huɗu yana koyar da ɗalibai da hannun dama a aljihu.